Caca da Labarunta a Ƙasar Kadawa da Duwatsun Kudancin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna da dattawan Kura, Bunkure, Garun Malam ko Rano har hira ta yi nisa, da wuya a tashi bai ji an kawo labarin wani ɗan caca ba. Wani labarin na ban dariya ne, wani na ban tsoro, wani kuwa in an gama shi sai majalisa ta yi tsit, domin kowa ya san gidan da abin ya faɗa wa ko da ba a ambaci suna ba. Waɗannan labaru ba su samu shiga littattafan tarihi ba, saboda masu rubutu sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙi da fatauci, caca kuwa abin kunya ce, ba mai son a jingina ta ga zuriyarsa.

Manufar wannan takarda ita ce a tattaro kaɗan daga cikin labarun, a ɗora su a kan tarihin yankin da aka tabbatar, domin a ga abin da ya haife su da kuma aikin da suka yi wa jama'a. Abin da za mu nuna shi ne, duk lokacin da kuɗi suka shigo ƙasar nan farat ɗaya, caca takan biyo sawunsu, labaru kuma su biyo sawun caca. An yi haka a zamanin wuri, an yi a zamanin gyaɗa da kuza, an kuma yi bayan da ruwan Tiga ya iso Kadawa. Mun rubuta ta ne musamman domin malaman makaranta da iyayenmu dattawa, waɗanda su ne masu riƙe da tarbiyyar yara.

Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Kadawa tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, cikin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai kyawun noma wadda ta haɗa Kura da Garun Malam da Bunkure. In mutum ya nausa kudu, ƙasar takan fara tudu da duwatsu, tun daga Rano da Kibiya da Rurum, a wuce Tudun Wada da dajin Falgore, har a dangana da manyan duwatsun Riruwai a Ƙaramar Hukumar Doguwa. Daga wannan sashe na kudu Kogin Kano yake gangarowa, kuma a kansa aka gina madatsar Tiga. Wato ruwan da manomin Kadawa yake shayar da tumatirinsa da shi ruwan duwatsu ne, kamar yadda yawancin labarun cacar da yake ji su ma daga can suka gangaro.

Yankin ba baƙon arziki ba ne. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin Bayajida ita da Kano ake kira sarakunan baba. Kura kuwa ta shahara da rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura ya zama abin ado ga sarakuna da Buzaye a cikin Sahara. Inda akwai marina da masaƙa da fatake, akwai kuɗi a hannun samari da barori da 'yan alaro, mutanen da suke nesa da idon iyayensu. A nan caca take samun gindin zama.

Ma'anar Caca da Ire-irenta

A wurin Bahaushe caca ita ce a sa dukiya a kan abin da ba a san yadda zai faɗi ba, wanda ya ci ya kwashe, wanda aka cinye ya tashi hannu rabbana. Kalmar tsohuwa ce, tana cikin ƙamus ɗin Bargery na 1934. Mafi daɗewar nau'inta ita ce cacar wuri. 'Yan wasa sukan kewaye tabarma ko fili mai laushi, a ɗauki 'yan ƙwayoyin wuri a girgiza a watsa, sannan a duba nawa ne suka faɗi rigingine, nawa suka kife. A kan wannan ake ci ko a faɗi. Abin lura shi ne, a wancan zamani wuri shi ne kuɗi, saboda haka abin wasan da abin da ake ci duk abu ɗaya ne.

Domin a gane nauyin abin, Barth, Bajamushen nan da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin liyari ɗaya ta azurfa a kan wuri 2,500. Keso ɗaya kuwa wuri 20,000 ne, kaya guda na ɗan dako. Saboda haka in aka ce wane ya zubar da keso a dare ɗaya, ana nufin ya zubar da abin da marini zai daɗe yana tsoma hannu a karofi kafin ya tara.

Bayan zuwan Turawa sai karta ta shigo ta hannun sojoji da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan bariki. Daga baya aka samu ludo da wot da tambola, da kuma masu karta uku da ke baza kolinsu a bakin tasha ranar kasuwa, waɗanda aikinsu ya fi kusa da damfara, domin cikin 'yan kallon akwai nasu da ke yin kamar sun ci don su jawo baƙauye. Dara kuwa wasan dattawa ce ta gwada basira, ba a ɗauke ta caca ba sai in an sa kuɗi a kai.

Me ya Sa Labarun ke Kai Mu Dutse?

Mai sauraro zai lura cewa kusan duk tsohon labarin caca a yankin nan yana faruwa ne a gindin dutse, ko a kogo, ko a kufai, ko ƙarƙashin tsamiya a bayan gari. Akwai dalilai uku a kan haka.

Na farko shi ne shari'a. Musulunci ya haramta caca a sarari, kamar yadda ya zo a aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 da 91 ta Suratul Ma'ida, inda aka haɗa ta da giya. A zamanin jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a Kano, ya rubuta wa jama'arta littafin Diya'ul Hukkam a kan yadda za su tafiyar da mulki bisa shari'a. Tun daga lokacin, a garin da ke da alƙali da liman da dogarai, ɗan caca ba ya iya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gida. Dole ya nemi inda ido ba ya kaiwa, dutse kuwa yana da maɓoya, kuma wanda aka ajiye a samansa yana hango mai zuwa tun daga nesa.

Na biyu shi ne tsohon imanin mutanen ƙasar cewa duwatsu mazaunin iskoki ne. Tarihin Kano ya faro ne da Dala da Barbushe da Tsumburbura, kuma ya ba da labarin yadda Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya yaƙi mutanen dutsen Santolo da taimakon addu'ar Wangarawa. Greenberg, wanda ya yi bincike a cikin Maguzawan ƙasar Kano ya kuma buga littafinsa a 1946, ya nuna yadda suke raba iskoki zuwa farare da baƙaƙe, na gona da na daji. Ke nan a tunanin mutumin da, wanda ya tafi dutse da tsakar dare ya bar ƙasar mutane ya shiga ta wasu.

Na uku shi ne tarihin ƙarni na 19. A tsakiyar ƙarnin Malam Hamza na Tsakuwa ya saɓa da hukumar Kano a kan haraji, ya yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, kuma daga nan Ningawa suka shafe shekaru suna kawo hari kudancin Kano. Wannan ya ƙara dasa wa mutanen fili tunanin cewa dutse wuri ne da hannun sarki ba ya kaiwa sosai, matattarar wanda ya gudo da wanda aka kora.

Labarun da Dattawa ke Bayarwa

Labari na farko ba na mutum ba ne, na iska ne. A cikin iskokin bori, waɗanda 'yan bori suke cewa suna zaune a birnin Jangare, akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki kyakkyawa mai ado da kyauta, wanda babban aibinsa shi ne caca. Besmer, wanda ya yi nazarin borin Kano ya buga littafinsa a 1983, ya bayyana wannan hali nasa. A da, in saurayi ɗan gidan mutunci ya fara watsa dukiya ba kan gado, tsofaffin mata sukan ce Ɗan Galadima ne ya taɓa shi. Malamai sun yi watsi da wannan magana, kuma gaskiyarsu ne. Amma mai nazarin tarihi zai ga abin da ke bayanta: mutanen da sun gane cewa caca ciwo ce da ke fin ƙarfin mai ita, kuma ba ta tsaya ga talaka ba, har gidan sarauta tana shiga.

Labari na biyu shi ne na baƙon dare. Ana cewa wasu 'yan caca suna cikin wasa a wani kogo sai ga baƙo da babbar riga da jaka cike da wuri, ya yi sallama ya zauna. Duk jifan da aka yi sai a cinye shi, shi kuwa yana murmushi yana ƙara zubawa. Da asuba ta gabato ya miƙe ya tafi, sai wani ya lura ƙafarsa kofato ce. Kowa ya ruga gida da rabonsa, da gari ya waye suka kwance ƙunshi suka tarar da tsakuwa. A wani ƙaulin ganyen kalgo ne, a bakin waɗanda suka yi zaman Riruwai kuma sulalla ne suka zama baƙin yashi. Darasin dai ɗaya ne, kuɗin caca ba sa kwana.

Labari na uku na ban dariya ne, kuma shi ya fi yaɗuwa. Wani magidanci ya kai kaya kasuwa, aka ja shi gindin dutse, aka cinye kuɗin, aka cinye jakin, aka cinye rawani da riga da taguwa, ya rage daga shi sai bante. Ya laɓe har dare ya raba, ya lallaɓo gida, ya ce wa matarsa 'yan fashi ne suka tare shi. Ita kuwa ta ce, “Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba. Amma waɗannan 'yan fashi masu kirki ne, ko ƙwarzane ba su yi maka ba.” Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga wani ya shigo gari a kan jakin, sanye da rigar. A nan hukuncin dariya ne, kuma a ƙauye dariyar mutane ta fi bulalar dogari zafi.

Labari na huɗu shi ne na layar caca. Wani ya je wurin boka neman sa'a, aka ba shi laya da sharaɗin kada ya ci abinci daga abin da ya ciwo, kada ya yi sadaka da shi, kada kuma ya tashi daga tabarma matuƙar akwai mai son ya buga. Ya yi ta ci har ba mai yarda ya zauna da shi, dukiya ta taru amma ba ta amfane shi da komai ba, ranar da yunwa ta sa ya sayi ƙosai da kwabo ɗaya daga ciki, a daren aka yi masa tas. Masu ba da labarin sukan rufe da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala.

Labari na biyar shi ne wanda ba a yi masa dariya, wato na gonar gado. 'Yan'uwa biyu suka gāji gona, ƙaramin ya jinginar da rabonsa don ya fanshi abin da aka cinye shi, aka sake cinye kuɗin jinginar. Kunya ta sa ya shiga duniya. Babban ya shekara da shekaru yana tara abin fansa, ya karɓo gonar, amma ƙanen bai dawo ba, uwarsu ta rasu tana tambayarsa. Kusan kowane ƙauye yana da irin nasa, kuma shi ne labarin da ya fi kusa da abin da ya faru a zahiri.

Zamanin Sulalla: Gyaɗa da Kuza

Rundunar Turawa ta fasa Bebeji, maƙwabciyar yankin nan, a kan hanyarta ta zuwa Kano, ta kuma shiga birnin ranar 3 ga Fabrairu 1903. Cikin 'yan shekaru wuri ya fara faɗuwa, anini da kwabo da sisi da sule suka maye gurbinsa, aka kuma tilasta biyan haraji da su. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Wannan ya canja yanayin caca ta hanya biyu. Keson wuri sai da ɗan dako, amma fam guda a lalita yake shiga, ba wanda zai san ka fita da shi. Sannan kuɗin manomi na shekara gaba ɗaya sukan zo masa ne a rana ɗaya, ranar awo. Shi ya sa lokacin kaka, lokacin kalankuwa da dambe da kokawa da bukukuwan aure, ya zama kakar 'yan caca su ma. Sukan bi taro daga gari zuwa gari kamar yadda makaɗa suke bi.

Sai kuma kuza. Mutanen Riruwai sun san narkar da kuza tun kafin zuwan Turawa, amma kamfanonin Turawa ne suka kafa barikokin haƙa a can da kuma ƙasar Jos, inda dubban 'yan cin rani suke zuwa bayan girbi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnati ta yi ta ɗibar mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza, abin da aka kira ɗiban gwamna. A bariki ana biyan lebura kuɗi a hannu, ba uwa ba uba, ga karta ga giya ga gidan magajiya. Leburan da aka cinye ba shi da kuɗin komawa gida, dole ya ƙara mako, wannan kuwa bai ɓata wa masu neman ma'aikata rai ba. Daga nan kalmar ɗan bariki ta samu mummunar ma'anar da take da ita, kuma waɗanda suka dawo su ne suka kawo karta ƙauyukan fili tare da labarun duwatsu. Marubuta waƙoƙin wa'azi na wannan zamani, irin su Mu'azu Haɗeja mai Waƙar Giya da Waƙar Karuwa, wannan rayuwa ta bariki suke yaƙa.

Zuwan Ruwan Tiga

Babban canji na uku ya zo ne a zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan Bagauda a farkon shekarun 1970, aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi Arewa. An tsara kashi na farko na shirin zai shayar da kimanin hekta 22,000, kuma a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda ta karɓi ragamarsa. An auna gonaki, an baje su, an ja magudanan ruwa, aka sake raba wa masu su bayan an cire abin da hanyoyin ruwa suka ci. Dubban mutanen da tafkin ya cinye garuruwansu aka tashe su, wasu aka ba su diyya da kuɗi. A tsakiyar wannan hidima, ranar 1 ga Janairu 1973, Naira ta maye gurbin fam.

Alherin shirin ba ya ɓoyuwa. Manomin da a da yake zaman rani ko tafiya cin rani ya koma noma sau biyu a shekara, alkama da tumatir da albasa da rani, shinkafa da masara da damina. Kura ta zama cibiyar shinkafa, Kwanar Gafan ta zama kasuwar tumatir da manyan motoci ke lodi zuwa Kudu. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kuɗi suka ƙara kwararowa.

Amma noman rani yana cin jari: taki, iri, kuɗin ruwa, kuɗin tarakta, ladan 'yan ƙwadago. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a kan shirin a ƙarshen shekarun 1970, ta nuna yadda ƙananan manoma da ba su da jari suke ba da hayar gonakinsu ga masu hali, har da 'yan kasuwa da ma'aikata daga birni. A irin wannan hali, manomin da ya zubar da kuɗin tumatirinsa a tabarma asararsa ba ta tsaya ga kaka ɗaya ba. Ya rasa jarin shuka ta gaba, sai haya, daga haya sai jingina, daga jingina sai sayarwa, ya wayi gari yana ƙwadago a gonar ubansa. Tsohon labarin gonar gado ya dawo da sabuwar riga, sai dai yanzu wurin wasan ya tashi daga kogo ya koma bayan tasha da rumfunan 'yan lodi.

Akwai kuma wani abu da dattawan yankin suke faɗa cikin raha, cewa noman tumatir kansa ɗan'uwan caca ne. Kwandon da ya yi tsada yau, gobe in kaya sun yi yawa sai a zubar da shi a bakin titi. A 2016, shekarar da masana'antar tumatir ta Dangote ta fara aiki a Kadawa, tsutsar nan da aka yi wa laƙabi da ebolar tumatir ta cinye gonaki masu yawa a Kano. Bambancin dai a fili yake: kasadar manomi tana tare da gumi, kuma in ta yi kyau kowa ya ci, cin ɗan caca kuwa faɗuwar ɗan'uwansa ce. Sai dai wanda bashi ya yi wa katutu bayan irin wannan shekara shi ne ya fi saurin jin kiran tabarma, yana neman ya mayar da asara a dare ɗaya, garin neman ƙiba ya samo rama.

Hukuma da Doka

A zamanin En'e, dagaci da mai unguwa su ne idon hakimi, dogarai da 'yan doka su kama, alƙali ya hukunta. Kundin dokokin laifuffuka na Jihar Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya hana buɗe gidan caca. Bayan da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000 a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kafa Hukumar Hisbah da doka a 2003 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, caca tana cikin abubuwan da aka ɗora mata yaƙa.

Duk da haka, tarihi ya nuna cewa kame shi kaɗai bai taɓa kashe caca ba, sai dai ya sa ta canja mazauni. Abin da ya fi tsare mutanen ƙauye shi ne sanin cewa ba a ba ɗan caca aure cikin sauƙi, ba a ba shi ajiya, ba a sa shi shaida, kuma in ya yi sake sai ya zama labari. Labarun da muka kawo su ne kotun da ba ta da ranar hutu. Yaro yakan ji su tun yana zaune kusa da kakarsa, kafin ya san kalar karta.

Caca ta Shiga Aljihu

A 2005 Gwamnatin Tarayya ta yi dokar da ta tsara harkar tambola a ƙasa, kuma cikin shekarun 2010 kamfanonin cacar ƙwallon ƙafa suka bazu ta intanet. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan irin wannan caca da dama a birnin Kano, kuma a watan Nuwamba na shekarar Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ikon dokar tarayya bai wuce Abuja ba. Wannan ya ƙarfafa hannun jihar a kan shaguna. Amma shago ba shi ne matsalar ba yanzu. Saurayin da ya sayar da buhun shinkafa aka tura masa kuɗin ta waya yana iya zubar da su yana kwance a ɗakinsa, a kan wasan da ake bugawa a Ingila ko Sifen.

In aka auna wannan da tsofaffin labaru, za a ga duk abin da suka dogara da shi ya kau. Babu tafiyar dare zuwa dutse da za ta ba mutum tsoro. Babu abokin wasa da zai shigo gari sanye da rigarka. Babu jakin da zai ɓace matarka ta tambaya. Wanda ya cinye ka ba ka san fuskarsa ba, kuma an tsara lissafin ne yadda kamfani zai fita da riba ko wa ya ci. Sau da yawa iyaye ba sa farga sai ranar da za a sayi taki aka tarar asusu wayam. Sunan ma an sauya shi, yaro yakan ce shi ba caca yake ba, hasashen ƙwallo yake yi.

Kammalawa

Mun ga yadda caca ta bi wuri zuwa gindin dutse, ta bi sule zuwa bariki, ta bi Naira zuwa bakin tasha, yanzu kuma ta shiga waya. A kowane zango abin da ke cikin haɗari ɗaya ne, wato gona da mutuncin gida. Gonar da ke cikin shirin Kadawa kuwa ba irin kowace gona ba ce, domin an tashi garuruwa an kashe dukiyar al'umma kafin ruwa ya iso ta, kuma wanda ya sake ta da wuya ya sake samun irinta.

Saboda haka muna kira ga malaman Hausa da na tarihi a makarantun Kura da Bunkure da Garun Malam da Rano su tura ɗalibai wurin kakanninsu su rubuto waɗannan labaru, a rubuta garin da aka ji su da shekarar, a sakaya sunayen mutane domin kare zuriyarsu. Malamin lissafi kuma yana iya ɗaukar wuri ko kwabo ya nuna wa aji a aikace dalilin da ya sa mai yawan jifa ƙarshensa faɗuwa. Dattawa su ma kada su ɗauka labarunsu sun tsufa. Baƙon daren nan mai kofato, wanda yake barin a ci shi da farko don a saki jiki, yaran yau za su gane shi sarai in aka ce musu su duba garaɓasar da ake ba sabon shiga a waya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mana zuriya, ya sa albarka a cikin nomanmu, amin.